Shin Ko Kun San? Ciwon Hanta Nau'in B A Yankinmu

Shin ko kun san cewa a cikin manya ɗari a Najeriya, takwas na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B? Wani binciken ƙasa mai suna NAIIS na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin ɗari tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 64, kuma ta fi yawa a maza. Wani nazari na 2021 da ya haɗa binciken sassan ƙasar ya sa Arewa maso Yamma a kan gaba da kashi 12.1. Yankinmu ke nan. In aka bi wannan lissafi, cikin kowane mutum goma da ke cin kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, ba mamaki ɗaya na yawo da ita bai sani ba.

Ko kun san takan yi shekaru a jiki ba ko ciwon kai? Sai ido ya yi rawaya a ce shawara ce, a hau jiƙo. Kafin a je asibiti ciki ya kumbura, hanta ta riga ta lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita, ta kashe miliyan 1.1, kuma kashi 13 kacal aka gwada aka gano.

Ko kun san ƙwayar kan rayu mako guda a busasshen jini? Ku dubi askar da ta yi aski, ta yi kaciya, ta yi tsagar ƙaho, ko almakashin mai yankan farce da ke bin rumfa-rumfa. Wanzanci sana'ar gado ce mai daraja, amma goge aska da tsumma ba ya kashe ƙwayar. A nemi sabuwar reza ga kowa. Ƙwayar kuma tana bin saduwar aure da allurar da aka maimaita. Ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya ko musafaha, don haka ƙyamar mai ita zalunci ne.

Wanda ya fi damuna shi ne jariri. Babba in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta. Jariran da suka kamu wajen haihuwa kuwa, tara cikin goma za ta zauna musu har girma. Tun 2004 allurar riga-kafinta ke cikin jerin na yara a Najeriya, kyauta, kuma ta farko ana son ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako na 6, 10 da 14. Amma a ƙauyukanmu yawanci a gida ake haihuwa, a ce sai bayan suna a fita da yaro.

Maigida, kada ka jira suna. Ranar da aka sauka, a kai jariri asibiti mafi kusa. Mai ciki ta nemi gwaji wajen awo, kai ma ka yi. Wanda aka samu da ita, akwai magani irin su tenofovir da ke danne ƙwayar.