Saikoloji, Saikayatri da Niyuroloji: Ina Bambancin Yake?

Idan ka taso a Bichi, Ɗambatta ko Dawakin Tofa, ka san abin da ake nufi in aka ce "wannan sai Dawanau". Ba zancen kasuwar hatsi ake yi ba, asibitin masu taɓin hankali ake nufi. Matsalar ita ce mun tattara duk abin da ya shafi ƙwaƙwalwa mun kira shi hauka, alhali fannoni uku ne a kimiyyance.

Na farko shi ne saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan'adam. Yana nazarin yadda muke tunani, koyo, mantuwa, tsoro da fushi. Wilhelm Wundt ne ya buɗe ɗakin gwajinsa na farko a Jamus a 1879. Ka taɓa lura akuyar gidanku na rugowa da zarar ta ji ƙarar kwanon dusa, tun ba ta ga dusar ba? Ƙwaƙwalwarta ce ta haɗa ƙarar da abinci. Irin wannan koyon ta hanyar sabo Ivan Pavlov na Rasha ya gano a jikin karnuka. Masanin saikoloji ba ya karanta zuciyar kowa, kuma da gwaji da tattaunawa yake taimakon mutane.

Na biyu saikayatri, reshe ne na likitanci. Mai wannan fanni cikakken likita ne, yana rubuta magani don ciwon damuwa, fargaba mai tsanani ko jin muryoyin da babu su. Su ake samu a Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Na uku niyuroloji, mai kula da cutukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin su shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya. Farfaɗiya ba hauka ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani.

To me ya sa za ka damu da waɗannan sunaye? Saboda mai jegon da ta yi makonni tana kuka, ba barci, ba cin abinci, wataƙila ciwon damuwar bayan haihuwa ne, kuma yana da magani. Tsoron a ce mata mahaukaciya kan sa a ɓoye ta a ɗaki. Ku fara kai ta asibitin da ya fi kusa, daga nan za a tura ku inda ya dace.