Eco, Normal ko Sport: Wanne Ya Kamata Ka Bari a Kunne?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masu motoci suka fara lura da abubuwan da a da ko kallo ba su ishe su ba. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000 a gidajen mai da yawa. Daga nan ne ɗan maɓallin nan mai rubutun Eco ya yi farin jini. Wani ya ce shi ne maganin shan mai, wani ya ce yana kashe inji, wani kuma ya rantse cewa Sport na ƙara wa mota ƙarfi. Duk cikinsu babu wanda ya faɗi daidai.

Injin motarka ɗaya ne, ƙarfinsa kuma ba ya ƙaruwa don ka danna wani abu. Abin da maɓallin ke canzawa shi ne yadda kwamfutar motar ke fassara takun ƙafarka a kan totur, da lokacin da take sauya giya. A Eco, idan ka taka totur rabi, kwamfutar ba za ta buɗe wa injin rabi ba, sai ta rage, sannan ta yi saurin hawa babbar giya don injin ya riƙa juyawa a hankali. A Sport akasin haka ne: ɗan taɓi kaɗan motar ta zabura, ta kuma daɗe a ƙaramar giya tana gurnani kafin ta sauya. A wasu motocin sitiyari ma yakan ƙara nauyi. Normal na tsakiya, kuma shi ne saitin da kamfani ya gina motar a kansa. Shi ya sa motoci da yawa, ko ka kashe su a Sport, da safe a Normal za su tashi.

Ra'ayina a nan a fili yake: don zirga-zirgar yau da kullum, kai yara makaranta, zuwa kasuwa ko ofis, bar ta a Normal.

Ba wai Eco ba shi da amfani ba. A cunkoso, inda ake matsawa taku biyu a tsaya, yana hana motar fizga, kuma mai ƙafa mai nauyi zai ga ɗan sauƙi a tanki. Amma sauƙin kaɗan ne, kuma yana da farashi. A motocin Honda, koren maɓallin ECON mai hoton ganye, wanda ke gefen sitiyari, har na'urar sanyaya mota yake rage wa aiki. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, direba zai ji sanyi ya ragu, sai ya murɗa na'urar zuwa ƙarshe, ko ya garzaya wurin mai gyara a ce masa, "Alhaji, gas ne ya ƙare." A caje shi kuɗin gas, alhali ganyen nan ne ke haske a gabansa tun makon jiya, don shi wannan maɓallin ba ya kashe kansa idan an kashe mota.

Babban abin tsoro shi ne wuce tirela a hanyar da masu tafiya da masu dawowa ke raba kwalta ɗaya. Ka leƙa, ka ga sarari, ka fito, ka taka totur yadda ka saba, motar kuma ta tsaya shawara. Gaskiya ne idan ka take shi har ƙasa za ta sauke giya ta ba ka duk ƙarfinta, ko a Eco take. Sai dai wannan ɗan jinkirin, ga doguwar tirela a damanka, ga wata mota ta taso daga gaba, ba abin wasa ba ne, balle an cika mota da mutane da kaya. Kashe Eco kafin ka hau irin wannan hanya. Nan ne ma Sport ke da rana: ka kunna, ka wuce, ka kashe. Barinsa a kunne cikin gari ƙona mai ne kawai, ga hayaniya.

Wani ruɗanin kuma: a Toyota da yawa akwai koriyar fitilar ECO da ke kamawa tana ɗaukewa da kanta. Wannan ba saiti ba ne, sanarwa ce kawai cewa a wannan lokacin takunka na da sauƙi. Ba lalacewa ba ce, kada a taɓa maka waya saboda ita.

Mafi yawan motocinmu na hannu ne, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam, kuma tsofaffin ba su da Eco ko Sport. Suna da nasu maɓallan, waɗanda suka fi cin kuɗin mutane a ɓoye. Duba jikin sandar giyar tsohuwar Corolla ko Camry, daidai inda babban yatsa ke sauka. Akwai ɗan maɓalli, idan aka danna shi sai rubutun O/D OFF ya fito a allon gaban direba. Ma'anarsa an hana motar shiga giyarta ta ƙarshe. Yaro na iya danna shi da wasa, mai wankin mota na iya gogarsa da tsumma. Sai mutum ya kama hanyar Kano zuwa Kaduna a giya ta uku, inji na kuka, allurar mai na sauka, yana zagin gidan man da ya sha. A tafiyar yau da kullum wannan rubutu a kashe ya kamata ya kasance. Shi kuwa ECT PWR da ke wasu Toyota da Lexus, Sport ne da tsohon suna.

Amma O/D OFF da giyar 2 da L ba ado ba ne. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a jihar Filato, wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama yana dafa birkinsa ne, kuma birkin da ya yi zafi sosai yakan daina kamawa. Rage gudu tun kafin gangarar, ka sauke giya, injin ya riƙe motar, birki ya zama na taimako.

Saitin Snow da ke wasu motocin kuwa an yi shi ne don ƙanƙarar ƙasashe irin su Kanada da Amurka. Yana tausasa tashin mota, a wasu ma da giya ta biyu take tashi, don kada taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da taɓon damina mai santsi, kuma a nan yana taimakawa. A rairayi mai zurfi kuwa ba shi ne magani ba.

Masu Hilux su kula da 4H da 4L. Waɗannan ba saitin kwamfuta ba ne kawai, ƙarafa ne ke haɗuwa su ɗaure tayoyin gaba da na baya su juya tare. A laka ko yashi hakan ake so. A busasshiyar kwalta kuwa, idan za a sha kwana, tayoyin gaba na buƙatar yin tafiya fiye da na baya, ɗaurin kuma ya hana. Za ka ji sitiyari ya yi tauri, taya na gurzar ƙasa, kuma abin da ke wahala a ƙarƙashi gyaransa ba arha. Da ka fito kwalta, koma 2H. Kada kuma a shiga 4L sai an tsaya cak an sa giya a N.

Wanda ke son sanin ko Eco na rage masa wani abu, ba sai ya tambayi abokan hira ba. Ya cika tanki har bakin famfo ya tsaya da kansa, ya rubuta lambar tafiyar da ke allo, ya yi mako guda a Normal, ya sake cikawa ya rubuta litar da ta shiga. Mako na biyu ya maimaita a Eco, a hanyoyin da ya saba, da iskar taya daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Sai ya raba tafiyar da lita ya kwatanta. A tuna cewa motar da aka shigo da ita daga Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne.