Ƙafa a Siminti, Hannu a Kibiya

A wani gari na ƙasar Zazzau, can wajen da hanya ta fara hawa zuwa Jos, akwai cibiyar koyar da mata sana'a wadda ko allon suna ba ta da shi yanzu, iska ta cire shi tuntuni. Ɗakuna uku ne da rumfar kwano a gaba, sai bishiyar dogonyaro da masu goyo ke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. An gina ta a zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, lokacin da aka yi ta buɗe irin waɗannan cibiyoyi a ƙananan hukumomi. Da yawa daga cikinsu sun koma wurin ajiyar taki ko makwancin awaki. Wannan dai ta rayu, kuma matan garin ne suka raya ta da adashensu.

Ɗaki ɗaya na masu ɗinki ne, ɗaya na masu sabulu da man shafawa, na ƙarshen kuma na masu saƙa. Akwai injin saƙa guda biyu a kusurwa, an lulluɓe su da tsohon zane, sun daɗe da tsayawa saboda rashin allurai. Aikin duk na hannu ne, wasu da kwarashi, wasu da kibiya. Da damina ɗakin ba ya cika, mata suna gona, masara ce abin da ke gabansu. Amma da zarar an yi girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka rasa wurin zama. Sanyin wannan yanki daga Disamba zuwa Fabrairu ba na wasa ba ne, kuma babu mai jegon da za ta yarda a fito da jaririnta ranar suna ba hula da safa da 'yar rigar sanyi. Wadda za ta je barka ma, in tana son ta fita kunya, saƙaƙƙen shawul take ɗorawa a kan sabulu.

Mai koyar da saƙar mace ce da ta haura hamsin, kowa Malama yake ce mata. A nan cibiyar ta koya tana budurwa, a nan kuma ta tsufa. Gwana ce ta gaske. Ta kan kalli jariri sau ɗaya ta san ƙulli nawa za ta ɗora a kibiya. Sai dai duk abin da ta sani a kanta yake. In ɗaliba ta kakare, sai ta miƙo saƙar, Malama ta karɓa ta gyara cikin ƙiftawar ido ta mayar mata, ta ce, "Ci gaba a haka." Ɗalibar ta ci gaba, gobe kuma ta sake kakarewa a wuri guda. Haka aka yi shekaru, ba wanda ya ga aibin abin, tun da Malama kullum tana nan.

A ƙarshen wata damina ta taso daga cibiyar, ta zo tsallake kwata a bakin lungunsu, santsi ya kwashe ta, ƙafar dama ta lanƙwashe ta gefe. Da farko kowa ya ce targaɗe ne. Aka shafa man zafi, aka ɗaure da ɗankwali. Washegari ƙafar ta kumbura suntum, gefenta ya yi baƙi, ko ƙasa ba ta iya dangana ta. Nan gida ya rabu biyu. Surukarta ta ce a kira maɗori, don shi ya ɗora mahaifin mijin Malama a da, ya kuma tashi garau. Babbar 'yarta ta dage sai an je asibiti an ɗauki hoto tukuna. Ni a wannan gardama ina bayan 'yar. Ba na raina maɗoran gargajiya, sun tashi mutane da yawa a wuraren da babu likita ko ɗaya. Amma ƙafar mutum ƙashi 26 ne a cikinta, ƙanana, a cuɗe da juna, yatsa ba ya gane wanda ya tsage da wanda ya goce. Kuma ma'aikatan asibitocin ƙashi, irin na Dala a Kano, sun sha ganin ƙafar da aka ɗaure da kara tamau har jini ya daina gudu, aka zo da ita a makare. A ɗauki hoton, sannan a yi shawara.

Hoton ya nuna tsagewa a dogon ƙashin nan na gefen ƙafa da ke tafiya zuwa ƙaramin yatsa, wurin da ya fi karyewa in ƙafa ta lanƙwashe haka. Aka sa mata siminti daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa, aka ba ta sanduna, aka ce mako shida kada ta kuskura ta taka.

Lokacin bai yi daɗi ba ko kaɗan. Masu shaguna a kasuwar garin sun riga sun ba da kuɗin kafin alƙalami na kayan hunturu, ga ɗalibai sababbi da suka biya kuɗin koyo. Kwana kaɗan aka yi ɗakin saƙa ya tsaya cik. Huluna suka taru a kwando rabi da rabi, an kai wurin da za a fara rage ƙulli don rufe saman kai, ba wadda ta san sau nawa ake ragewa a layi. Safa kuwa duk sun tsaya a diddige.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma Malama mace ce mai yawo a dangi, ba biki ba mutuwa da ke wuce ta. Da ƙafarta ta kwanta, ƙafafun mutane suka biyo ta. Abokiyar zamanta ta karɓe mata girki ba tare da an roƙe ta ba. Wata tsohuwa mai sharar cibiyar, wadda suke kira Inna, kullum da hantsi sai ta zo da kunun tsamiya a kwanon sha, ta ɗauke wankin yara ta tafi da shi. Maƙwabcinsu mai achaba ya kai 'yarta karɓo magani ya ƙi karɓar ko kwabo. Malamin Islamiyyar matan aure ya aiko matarsa ta nuna mata yadda za ta shafa a kan simintin in ta zo alwala, da yadda za ta yi salla a zaune, don abin yana damunta fiye da ciwon. Ɗalibai kuma suka riƙa zuwa dubiya da saƙarsu a cikin leda, a ɓoye a ƙarƙashin hijabi, suna jin nauyin fito da ita.

"Sannu Malama, ya ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Fito da abin da ke ledar nan mu gani."

Abu na farko da ta tsara a kwance na kanta ne. Simintin ya bar yatsunta a waje, da asuba sanyi ya riƙa cizonsu, kuma babu safar da za ta shiga. Sai ta saƙa wata faffaɗar safa mai rufe yatsu zuwa tsakiyar ƙafa, ta yi mata igiya da ake zagayowa ta bayan idon sawu a ɗaure. Wata ma'aikaciyar jinya ta gani ranar da aka koma duba ta, ta ce tana son guda uku don marasa lafiyarta. Malama ta ce wa wata ɗaliba ta saƙa. Ɗalibar ta tambayi yadda ake yi, Malama ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ga maganar ta fi ƙarfin a riƙe ta a ka. Ta sa aka miƙo mata littafin lissafin autanta, irin mai ƙananan gidaje murabba'i, da fensir.

Daga nan aikin ya canja. Wanda bai taɓa riƙe kibiya ba zai ɗauka zana fure a takarda a mayar da shi kan riga abu ne mai sauƙi, gida ɗaya ƙulli ɗaya. Malama ma haka ta fara. Ta zana dagi, alamar nan ta Arewa, ta ƙirga gidajen tsaf, ta saƙa shi da jan zare a kan fari. Da ta shimfiɗa shi a cinya sai ga dagi ya fito a daɓare, ya yi faɗi ya rasa tsawo. Dalili kuwa, ƙullin saƙar kibiya ya fi faɗi a kan tsayi. Wurin da ƙulli biyar suka cika a kwance, sai an yi kamar layi bakwai a tsaye kafin a cike daidai shi. Hannunta ya san wannan tun tana yarinya, yana gyarawa da kansa, amma ba ta taɓa tsayawa ta lura ba sai da takarda ta tona. Ta ware saƙar, ta sake zanen ta ja shi sama har ya zama kamar ya yi tsawo da yawa a ido, ta sake saƙawa. A karo na gaba dagin ya zauna daidai.

Haka ta bi sauran abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa hannun kowace mace daban yake, wata tana matse zare, wata tana sakinsa, shi ya sa ƙirga guda ke ba wannan hular jariri, ya ba waccan hular ɗan shekara biyu. Don haka a shafin farko ta rubuta doka: kafin ki fara komai, ki saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ki ɗora tef, ki ƙirga ƙulli nawa ne a santimita 10. Kan sabon jariri yakan kai santimita 33 zuwa 35 a kewaye, hular kuma a yi ta ta ɗan gaza haka saboda tana buɗewa. Bakin hula da bakin hannu, biyu ta gaba biyu ta baya, don su kama jiki. Akwai wata doka da na fi so a littafin, don uwa ce kaɗai za ta tuna da ita. In ana saƙa da launi biyu, zaren da ba a aiki da shi yana bi ta bayan riga. Malama ta hana a bar shi ya tsallake fiye da ƙulli huɗu ko biyar ba a kama shi ba, saboda yatsan jariri yana maƙalewa a ciki wajen sa masa riga.

Takardun koyon saƙa da ake samu a jikin ƙunshin zare ko a YouTube galibi da Turanci suke, cike da gajerun haruffa, kuma yawancin matan ɗakin ba su yi nisa a boko ba. Malama ta yi nata da Hausa tsantsa, ta haɗa da alamomi: gida fari saƙar gaba, gida mai ɗigo saƙar baya, gicciye inda za a haɗe biyu a rage. Duk shafin da ta gama, Inna mai shara take fara ba wa, ita da ba ta san bihim a boko ba amma ta iya kibiya sama-sama. In Inna ta bi alamomin ta fitar da abin, shafin ya yi. In ta kakare, Malama ta goge ta sake.

"'Yar nan, wannan gicciyen naki biyu a jere, ni ban gane inda zan sa kibiyar ba."

"To Inna, kawo. Laifin zanen ne, bari in raba su."

Da aka cire simintin ƙafar ta fito a motse, fatar tana saɓa, idon sawun ya sandare. Mutane suna ɗauka ranar cire siminti ce ranar warkewa, alhali wahalar koyon tafiya a nan take farawa. Aka koya mata motsa ƙafar sama da ƙasa, da jawo tawul da yatsu, abokiyar zamanta kuma tana gasa mata da ruwan ɗumi da daddare. Ta yi makonni da sanda ɗaya. Har yanzu in ta daɗe a tsaye ƙafar kan tasa da yamma, sai ta ɗora ta a kan kujera 'yar tsugunno ta ci gaba da aiki.

Ranar da ta koma cibiyar ta zo da littafin a jaka, shafukansa sun yi laushi don shafa. A saman kowane zane ta rubuta wadda ta yi shi dominta. Akwai hular Inna, mai zanen faifai a samanta. Akwai shawul na abokiyar zamanta, wanda aka kwaikwayo gefensa daga aska takwas ta babbar riga. Mai achaba ba ya saƙa, sai ta tsara safar hannu mai barin yatsu a waje don riƙe birki da asuba, ta saƙa masa ta farko da hannunta. Ba ta tara mutane ta yi jawabin godiya ba. Ta ajiye littafin a kan tebur, ta ce duk mai so ta kwafa, 'yan mata masu waya kuma su ɗauki hoto.

Ba kowa ne ya ji daɗin hakan ba. Wata tsohuwar ɗalibarta, mai son ta da gaske, ta ja ta gefe ta ce wannan ai jari ne, a buga shi a sayar, ko a ɓoye zanen dagin don kada na garin gaba su kwaikwaya. Maganarta tana da hujja. Tun da Naira ta faɗi a 2023 kuɗin zare ya yi tashin gwauron zabi, kuma sai an aika Kano ko Jos a sayo. Ga kuma rigunan sanyi na gwanjo da ake zubarwa a kasuwa a farashin da ko zaren bai saya ba. Mai saƙar hannu ba ta da abin da za ta yi gogayya da shi sai kyan aiki da zanen da ba a samu a dila. Malama ta saurare ta har ƙarshe, ta ce kunun Inna ma ai ba a sayar mata ba.

Ina ganin ta yi daidai, ko ta fuskar kasuwar ma. A hunturun da ya biyo baya, mata shida ko bakwai suna iya fitar da hula iri ɗaya, girma ɗaya, abin da mai shago yake nema ke nan kuma a da ba a iya ba shi. Ɗalibar da ta yi aure a wani ƙauye ta tafi da kwafinta, tana koyar da matan gidansu. Sana'o'in hannu nawa ne a ƙasar Hausa suka bi masu su kabari, na rini da na dukanci da na saƙa, saboda ba wanda ya zauna ya rubuta yadda ake yi?

Littafin na asali dai guda ɗaya ne tak, da fensir aka rubuta shi, kuma rufin ɗakin saƙa yana yoyo. Masu ɗab'i na Zariya da Kano da ke buga littattafan girke-girke da Hausa, da ƙungiyoyin mata da ke da ɗan abin hannu, ku leƙa irin waɗannan cibiyoyi ku nemi irin wannan littafi, ku buga shi da sunan mai shi, ku biya ta haƙƙinta.