Ƙaunar Masu Furfura a Cikin Majigi

Galibin fina-finan soyayya labarin saurayi da budurwa ne. Su ga juna, iyaye su ƙi, a sha wahala, daga bisani a ɗaura aure, sai a kunna fitila kowa ya kama hanyar gida. Ba a cika gaya mana abin da ya same su bayan shekara 40 ba, sa'ad da gwiwa ta fara ciwo, ido ya rage gani. Amma akwai waɗansu fina-finai 'yan kaɗan da suka ɗauki tsoho da tsohuwa suka sa su a tsakiyar labari. In ka jera su ka duba, mai karatu, za ka ga wani abu. A fim ɗin samari iyaye ne suke hana ƙauna. A fim ɗin tsofaffi kuwa, yawanci 'ya'ya ne.

Bari mu fara da wanda ya fi daɗewa. A shekarar 1937 wani darekta Ba'amurke, Leo McCarey, ya fitar da fim mai suna Make Way for Tomorrow, watau a ba gobe hanya. Lokacin Amurka ba ta gama farfaɗowa daga karyewar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ba, tsofaffi da yawa sun rasa abin hannunsu. Barkley da matarsa Lucy sun yi shekara 50 da aure, suna da 'ya'ya 5, duka manya. Banki ya karɓe gidansu saboda bashi. Suka tara 'ya'yan suka gaya musu. Ba wanda ya ce zai iya ɗaukar su biyun. Sai aka raba: uwa ta tafi gidan ɗanta a birnin Niyok, uba ya tafi gidan 'yarsa, tsakaninsu kuwa wajen mil 300. Aka ce na ɗan lokaci ne kawai.

Abin da ya sa wannan fim yake da nauyi shi ne, 'ya'yan ba mugaye ba ne. Gidajensu ƙanana ne, suna da nasu matsatsin. Tsohuwar ma ba waliyiya ba ce, tana da surutu, tana shiga abin da ba a sa ta ba. Akwai wani dare da surukarta take koya wa baƙi wasan karta a falo, sai tsohon ya bugo waya. Lucy ta ɗauka tana magana da ƙarfi irin na wanda bai saba da waya ba, tana tambayarsa lafiyarsa, tana ja masa kunne ya kula da kansa saboda sanyi. Baƙin da suke ƙosawa da ita ɗazu, duk suka yi tsit. A nan suka gane ashe wannan tsohuwa matar wani ce, kuma kewarsa take yi.

Daga baya Lucy ta gane ɗanta yana shirin kai ta gidan tsofaffi. Don kada kunya ta kashe shi, sai ta riga shi, ta ce ita ce take so ta tafi. Abu guda ta roƙa, kada mijinta ya sani. Shi kuma za a tura shi Kalifoniya wurin wata 'yar. Aka ba su yini ɗaya tare a Niyok. Suka je otal ɗin da suka sauka a kwanakin amarcinsu, mutanen da ba su san su ba suka karrama su, har suka ƙi zuwa cin abincin ban kwana da 'ya'yan suka shirya. Fim ɗin ya ƙare a tashar jirgin ƙasa, shi a ciki, ita a tsaye a waje. Ba su sāke zama tare ba. An ba McCarey lambar Oscar saboda wani fim na ban dariya da ya yi a wannan shekara, shi kuwa ya ce an ba shi ne a kan fim ɗin da bai dace ba.

Wanda namu suka fi sani

Fina-finan Indiya sun daɗe a ƙasar Hausa, tun zamanin da ake shiga sinima a zauna a fili ana kallon taurari a sama. Saboda haka da yawa cikin masu karatu za su tuna da Baghban na shekarar 2003, wanda Ravi Chopra ya shirya. Sunan yana nufin mai lambu. Amitabh Bachchan ya fito a matsayin Raj, ma'aikacin banki, Hema Malini kuma matarsa Pooja. Shekara 40 suna tare. Duk abin da Raj ya tara ya ƙarar a kan 'ya'yansa maza 4, yana cewa su ne ajiyarsa. Da ya yi ritaya, sai 'ya'yan suka kawo shawara: uba ya zauna da ɗa ɗaya, uwa da wani, bayan wata 6 a canja. Sun zaci tsofaffin za su ƙi, su huta. Tsofaffin suka yarda.

Labarin kusan ɗaya ne da na Amurka, sai dai Indiyawa sun ƙara waƙa da hawaye. Tabaraun Raj ya fashe, ɗansa ya ce babu kuɗin gyara, ya kasa karanta wasiƙar matarsa. In ya zauna da dare yana buga tafireta, a ce ya hana mutane barci. Ita kuma can ana mai da ita kamar 'yar aiki. Da wata 6 suka cika, maimakon kowa ya wuce gidan ɗa na gaba, sai suka sauka a wata tasha suka sadu. Wanda ya ɗauke su ya kai gidansa kuwa maraya ne da suka taɓa riƙo, ba ɗan cikinsu ba. Salman Khan ne ya fito a wannan matsayi.

Ƙarshen ne ban gamsu da shi ba. Rubutun da Raj ya yi ya zama littafi, ya sami kuɗi da suna, 'ya'yan suka dawo neman gafara, ya ƙi yafe musu. Masu kallo sukan ji daɗi, gama an rama wa tsoho. Amma tsofaffi nawa ne za su rubuta littafin da zai kawo kuɗi? Kuma iyalin da suka san ma'anar gafara za su sami abin tattaunawa a nan bayan an kashe talabijin. A ganina fim ɗin 1937 ya fi faɗin gaskiya, domin bai ba kowa mafita mai sauƙi ba.

Kada mu ce wannan sai a ƙasashen waje. Mu ma muna raba tsofaffi, sai dai da kyakkyawar niyya muke yi. Matar ɗa ta haihu a Kaduna ko Jos ko Abuja, sai a aiko mota a ɗauki Mama ta zo ta taya reno. Wata 2 ya zama wata 8. Kafin ta koma, wata 'yar ma ta haihu. Baba yana can ƙauye, jika ko maƙwabciya ke miƙo masa tuwo. Ba wanda ya tambaye su ko suna so, su ma kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Tsohuwar da ba ta taɓa kiran sunan mijinta a gaban mutane ba, ina za ta buɗe baki ta ce wa ɗanta tana kewar ubansa? Sai dai ta ce tana tunanin awakinta. Alkawarin da suka yi a gaban ikkilisiya kuwa bai ce za su zauna tare sai ranar da aka haifi jika ba.

Bayan mutuwa ta raba

Akwai kuma fina-finan da suke magana a kan wanda abokin zamansa ya rasu. A 2017 kamfanin Netflix ya fitar da Our Souls at Night, watau rayukanmu da dare, daga littafin Kent Haruf. Jane Fonda da Robert Redford ne suka fito, ita tana gab da shekara 80, shi ya riga ya haye. Shekara 50 kafin nan sun taɓa fitowa a wani fim a matsayin amarya da ango. Redford ya rasu a 2025.

A cikin labarin, Addie gwauruwa ce, Louis ma matarsa ta rasu, maƙwabta ne a wani ƙaramin gari. Wata rana da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofarsa ta ce ya riƙa zuwa yana kwana a gidanta, domin su yi hira, gama dare ne ya fi yi mata tsawo. Gari ya ɗauki tsegumi. Ɗanta ya nuna bai so. Sa'an nan ta fāɗi ta karye a ƙugu, a ƙarshe ta koma wurin ɗan da jikanta, Louis ya zauna shi kaɗai. Dole a faɗa wa iyaye, waɗannan biyu ba su yi aure ba, zamansu kuwa ya wuce hira, don haka ba fim ne da za a ɗauka a matsayin misali ba. Amma kaɗaicin da ya nuna gaskiya ne. Gwauraye nawa ne a majami'unmu da suke cikin mutane da rana, da dare kuwa sai bango?

Littafi Mai Tsarki bai hana irinsu sāke aure ba. Farawa sura 25 ta ba da labarin Ibrahim ya auri Ketura, bayan an riga an ba da labarin rasuwar Saratu. Bulus kuma, a 1 Korantiyawa sura 7, ya ba macen da mijinta ya rasu izinin auren wanda take so, muddin mai bi ne. Abin da yakan tsaya a hanya shi ne 'ya'ya. Wani yana ganin cin amanar marigayiya ne, wani kunyar abokai yake ji, wani kuwa, in za a faɗi gaskiya, gona da gidan gado yake tunani.

Wani abu da ya haɗa fina-finan nan uku shi ne waya. Lucy da Barkley ta waya suke gaisawa. Raj da Pooja ta waya suke kuka. Addie da Louis ma, a ƙarshen fim kowa yana kwance a nasa gado, waya a kunne. Tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 80 ne, wayar ta canja kama, abin da aka bar wa tsofaffin bai canja ba.

Na ƙarshe labari ne da ya faru da gaske. Shadowlands na 1993, wanda Richard Attenborough ya shirya, labarin C. S. Lewis ne, malamin jami'a a Ingila kuma shahararren marubucin littattafan Kirista. Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa, Debra Winger kuma a matsayin Joy Davidman, marubuciya Ba'amurkiya. An haifi Lewis a 1898, ya wuce shekara 55 bai taɓa aure ba. A watan Afrilu na 1956 suka yi auren rajista, domin ta sami izinin zama a Ingila, kowa yana gidansa. Ba a daɗe ba likitoci suka gano ciwon daji a ƙashinta. A nan ne Lewis ya gane ashe ƙaunarta yake yi.

Wannan karo ba 'ya'ya ne suka tsaya a hanya ba, gama nata yaran ƙanana ne. Waɗansu abokansa ba su yi murna ba. Bishop na Oksfod kuma bai ba da izini ba, domin Joy ta taɓa aure an rabu, mijin yana da rai. Wani fasto tsohon ɗalibin Lewis, Peter Bide, shi ya ɗaura musu aure a bakin gadon asibiti ran 21 ga Maris 1957, kowa yana zaton kwanakinta kaɗan ne. Sai ciwon ya lafa. Ta tashi ta yi tafiya da sanda, suka yi shekara 3 tare, har suka ziyarci ƙasar Girka a 1960. Ta rasu a watan Yuli na wannan shekara tana da shekara 45.

Fim ɗin ya nuna ɗa guda, Douglas, amma a gaskiya su biyu ne, da wansa David. Lewis ya rubuta baƙin cikinsa a cikin littattafan rubutu, aka buga a 1961 da sunan A Grief Observed, bai sa sunansa na gaskiya a kai ba. Har waɗansu da ba su sani ba suka ba shi shawara ya karanta littafin, ko zai sami ta'aziyya. Ya ci gaba da ɗaukar nauyin yaran nan biyu har ya rasu ran 22 ga Nuwamba 1963.