Dabbar da ke cikin hoton ba ta Zariya ba ce

Dabbar da hotonta ke yawo a wayoyin mutanen Tudun Wadar Zariya, mai baƙin gashi da dogon hanci da faffaɗan hannuwa kamar shebur, masana na kiranta Talpa europaea. Mazauninta Turai ne, tun daga Birtaniya har cikin Rasha. A ƙarƙashin ƙasa mai laima take rayuwa tana cin tana, kuma an fi ganin tulin ƙasar da take turowa a ƙarshen hunturu. Danginta suna Turai da Asiya da Arewacin Amurka, babu ko ɗaya a Afirka.

Saƙon da aka liƙa wa hoton ya ce wai dabbar ta ɓulla a gidajen Zariya, cizonta na da dafi, ganinta da rana alamar mutuwa ce, kuma ita kaɗai ke kawo zazzaɓin Lassa. Maganar dafin da ke cutar da mutum ƙarya ce, ta alamar mutuwa kuwa camfi ne.

Abin da ya fi kama da ita a Nijeriya shi ne wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa, Fukomys foxi, wanda Oldfield Thomas ya bayyana a 1911 daga samfurin da aka samo a Panyam, kan tsaunukan Jos. Da haƙora yake tono, saiwoyi yake ci, kuma tulin ƙasarsa ya fi fitowa da damina. Ramukan Tudun Wada kuwa masu su sanannu ne. Gafiya ce ke haƙa a gindin katanga da bakin magudanan ruwa da gefen rafin Kubanni. Da dare take fita, tana cusa abinci a kumatu, shi ya sa ake cewa gafiya tsira da na bakinki. Idan ruwan Agusta ya cika mata rami takan fito ko da rana tsaka. Kurege yana gonakin bayan gari, jaɓa mai dogon baki kuma ƙwari take ci.

Inda saƙon ya yi ɓarna shi ne maganar Lassa. An gano cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, kuma bayan ɓarkewarta a Saliyo a 1972 aka samu ƙwayar a jikin wani ƙaramin ɓera mai suna Mastomys natalensis. Macen tana da nonuwa da kan kai 24, tana haifar 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya. A ɗaki da rumbu da shagon hatsi wannan ɓera yake zama. Ƙwayar ba ta kwantar da shi, yana ta zubar da ita ta fitsari da kashi a kan masara da barkonon da aka shanya, da tuwon da ya kwana a buɗe. Daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da daji ya bushe aka cinna masa wuta, ɓeraye kan koma cikin gidaje, kuma a watannin ne masu kamuwa ke ƙaruwa. Jihar Bauchi, maƙwabciyar Kaduna, tana cikin waɗanda cutar ta fi addaba, tare da Ondo da Edo.

Duk wanda ya ɗauko hoton dabbar Turai ya ce ita kaɗai ce abin tsoro, ya wanke ainihin mai laifin ne, kuma da ya tsaya ya tambayi ma'aikacin lafiya ɗaya kafin ya tura da bai ɗauki wannan alhaki ba. Uwar da ta yarda da saƙon ba abin zargi ba ce. Tsoron 'ya'yanta ne ya sa ta leƙa ramuka a tsakar gida, alhali buhun garinta na ƙasa a buɗe. Ido ba ya bambance ɓera mai cutar da marar ita. Bincike a 2016 ma ya samu ƙwayar a wasu nau'o'in ɓera biyu, don haka ba a ba kowane ɓera shaidar lafiya ba. Gafiya ba a tabbatar tana yaɗa Lassa ba, amma tana cikin dabbobin da aka kai Amurka daga Gana a 2003 ɗauke da ƙyandar biri, saboda haka yaran da ke turara ta da hayaƙi su feɗe da hannu suna cikin kasada.

Hatsi da gari a zuba su a mazubi mai murfi, a toshe ramukan ɗaki, a daina shanya a ƙasa, mushen ɓera kuma a ɗauke shi da leda a binne. Alamun cutar kan bayyana cikin kwana 21 da kamuwa, suna kama da zazzaɓin cizon sauro. Kimanin mutum takwas cikin goma ba sa jin jiki sosai, amma sauran na iya kurumcewa ko rasa rai, kuma mai jinya na iya ɗauka ta jini da amai da fitsari. Zubar jini a makare take zuwa, ba a jiran ta. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani bayan kwana biyu ko uku a kai shi asibiti, ko a kira hukumar daƙile cututtuka ta NCDC kyauta a lamba 6232, domin maganin Ribavirin da likitoci ke bayarwa an fi sa ran amfaninsa a kwanakin farko.