Yadda Ruwa Ke Shiga Jikin Shinkafa da Jikinmu

Yau za mu gangara fadamar Rima, wajen Ambursa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, inda shinkafa ce abin cinmu da abin sayarwarmu. Ga tambayarmu: me ya sa manomi zai zuba taki domin shukarsa ta yi kyau, amma bayan kwana biyu sai ga ganye ya yanƙwane kamar an kara masa wuta?

Jikin shuka da jikinmu duk an gina su da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da tantani kewaye da ita. Tantanin nan yakan bar ruwa ya wuce, amma ya tare gishiri da sukari. Ruwa kuwa kullum yakan ratsa zuwa gefen da abin da ya narke ya fi yawa. Masana na ce da wannan osmosis. Mu barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, za mu ga tana tsatsafo da ruwa. Haka yake da saiwa. Ruwan cikinta ya fi na ƙasa kauri, shi ya sa take sha. Amma idan muka tara takin zamani a gindin shuka, ƙasa kuma a bushe, sai lissafin ya juya: ƙasa ta koma tana tsotse ruwan saiwar. Saboda haka mu sa taki nesa kaɗan da gindi, da danshi, mu kuma raba shi kashi-kashi.

Hanya ta biyu ita ce bazuwa, kamar yadda ƙamshin daddawa ke cika gida ba wanda ya tura shi. Shinkafa tana da ƙananan hanyoyin iska daga ganye har zuwa saiwa, shi ya sa take rayuwa cikin ruwa. Amma iska tana bazuwa cikin ruwa a hankali ƙwarai, wajen sau 10,000 ƙasa da yadda take yi a sarari. In ambaliya ta rufe ganyen duka, kamar yadda ta yi wa gonakin Kebbi a 2020, shuka ta shaƙe ke nan. Irin FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017 suna iya jure nutsewa har wajen mako biyu.

Ta uku ita ce ɗauka da ƙarfi. A nan ƙwaya tana kashe ƙarfinta ta jawo abinci daga inda yake kaɗan zuwa inda ya riga ya yi yawa. Ƙarfin nan kuwa da iska ake samunsa. Wannan ne dalilin da masara ke yin rawaya a gonar da ruwa ya kwanta, ko da taki na nan.

Ƙaunatattu, mu kasa kunne a nan, gama batun ya shafi ran 'ya'yanmu. A 1960 wani masani, Robert Crane, ya bayyana cewa hanji yana ɗaukar sukari da gishiri tare, ta ƙofa ɗaya. In sun shiga, ruwa sai ya bi su. Ko cikin cutar amai da gudawa wannan ƙofa ba ta rufewa. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, Dakta Dilip Mahalanabis ya shayar da masu kwalara ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Ƙunshin ORS na asibiti shi ya fi, tare da ƙwayar zinc. In babu, mu sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada mu ƙara sukari wai don yaro ya ji daɗi, kada kuma mu ba shi lemon kwalba. Sukari mai yawa yana jawo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, daidai yadda taki ke yi wa saiwa. Idan idon yaro ya faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a bayan gidansa, a kai shi asibiti nan da nan, ana ci gaba da ba shi ruwan a hanya.