Yadda Mulkin Fasist Kan Zo Ƙarshe: Nazari a Kan Italiya, Fotugal da Sifen

Kalmar Fasist ta samo asali ne daga Italiya, inda Musolini ya karɓi mulki a 1922. Ana nufin gwamnatin jam'iyya guda, mai ɗaukaka ƙasa da shugaba fiye da kome, mai murƙushe duk wata adawa. Wannan maƙala za ta nuna cewa irin wannan mulki ba safai boren talakawa kaɗai ke kayar da shi ba. Yakan faɗi ne idan ginshiƙansa na cikin gida suka janye jiki, galibi bayan yaƙi ya ci tura.

A Jamus sai da sojojin Ƙawance suka mamaye ƙasar a 1945. Italiya kuwa ta fi ba da haske. Tun 1941 aka fatattaki sojojinta daga Habasha, yaƙin da sojojin Nijeriya ma suka taka rawa a cikinsa. Da Ƙawance suka sauka tsibirin Sisili a Yulin 1943, sai Babbar Majalisar Fasist ta zauna, mutum 19 cikin 28 suka juya wa Musolini baya. Ranar 25 ga Yuli Sarki ya tuɓe shi, ya sa aka tsare shi. Wato waɗanda ya ɗora a kujera su suka fara tona masa rami. Sai dai Jamusawa sun kuɓutar da shi, aka ci gaba da zubar da jini har Afrilun 1945, lokacin da mayaƙan sa-kai suka harbe shi.

A Fotugal, yaƙin 'yanci da aka soma a Angola a 1961, ya kuma ɓarke a Gini Bisau da Mozambik, shi ya gajiyar da soja. Ranar 25 ga Afrilu 1974 ƙananan hafsoshi suka kifar da gwamnatin da Salaza ya kafa, kusan ba tare da jini ba.

Sifen, wadda masana ke saɓani a kan ko cikakkiyar Fasist ce, ta bi wata hanya dabam. Bayan mutuwar Faranko a 1975, majalisarsa da kanta ta amince da dokar da ta rushe ta a 1976, aka yi zaɓe a 1977. Farashin wannan sulhu shi ne dokar afuwa ta 1977, wadda ta hana gurfanar da waɗanda suka azabtar da jama'a.